Durƙuso a Ƙofar Alhaji Mani

Kun taso kuna jin ana cewa ni na kawo tseren gudu cikin birni. Har a wurin ɗaurin auren ƙanwarku na ji wani ya faɗa da lasifika, ban kuwa tashi na gyara masa ba, don ba wurin gyara ba ne. To bari in gyara a nan. Ba ni ba ne, Malam Ilu ne, Allah ya jiƙansa, wanda ya koya mana motsa jiki a firamare. Abin da na yi kaɗan ne, kuma ko shi ɗin jana aka yi. Amma idan aka ce in zaɓi safiya ɗaya daga rayuwata in sake yin ta, ina jin wannan zan zaɓa, ko da yake mutum ba ya rantsuwa a kan abin da ba a ba shi ba.

Shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula ce, lokacin Katsina tana ƙarƙashin Kaduna. Na gama jami'a, na gama bautar ƙasa, aka ba ni tebur a ofishin ilimi, na dawo gidanmu na Gobarau wurin Inna, kakarku. Na dawo ne kamar baƙo. Tun ina yaro aka kai ni makarantar kwana, daga can sai jami'a, don haka mutanen unguwa sun san ni a matsayin ɗan marigayi Malam Abdu, ni kuwa ban san rabinsu ba. Idan na fito da safe sai gabana ya riƙa faɗuwa, kada in gai da wani da sunan wani, ko in tambayi mutum lafiyar matar da ta riga ta rasu. Har hanya nakan canza don gudun haka. Ga shi kuma zaɓe ya bar baya da ƙura. Maƙwabtan da suka tashi tare sun daina zama tabarma ɗaya saboda jam'iyya, ni kuma da ban shiga ko ɗaya ba kowane ɓangare yana kallona da wutsiyar ido.

A cikin wannan hali Malam Ilu ya jingina kekensa a ƙofar gidanmu wata rana bayan la'asar. Gajere ne, ya riga ya yi ritaya, amma usur ɗinsa yana nan a wuyansa ƙarƙashin riga kamar laya. Bayan mun gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiyar hanyar da na yi wata da watanni da dawowa daga ita, sai ya ce:

"Sada, ina da aiki, babu albashi."

Na ce, "Malam, indai na gudu ne, ni ban iya ba."

"Na sani. Ai ni na koya maka."

Sannan ya yi mini bayani. A zamanin soja, in ji shi, idan ka ga babba yana gudu a gari to ɗayan biyu ne, ko an biyo shi ko an ce ya yi. Shi yana so mutane su ga samarinsu suna gudu don kansu, ba a filin bariki ba, a cikin garinsu, daga Ƙofar Guga su ratso birni ta Gobarau su ƙare a filin firamare. Wani mahauci ya ba da rago ga wanda ya zo na ɗaya. Mai unguwa ya amince, amma da sharaɗi: idan dattijo ko ɗaya ya kawo ƙarar cewa yara sun wuce shi a guje babu gaisuwa, to an yi na farko an yi na ƙarshe.

Ku da kuka taso yanzu ba lalle ku ga girman wannan sharaɗi ba. A lokacin saurayi ba ya wuce dattijo a tsaye. Zai rage tafiya tun daga nesa, ya rusuna, idan na kusa ne ya cire takalmi ya durƙusa, kuma ba ya tashi sai an gama tambayarsa mutanen gida. Hanyar da Malam Ilu ya zaɓa kuwa cike take da dakalai, kowane dakali da mai shi. Idan kowane mai gudu zai ba kowane dakali haƙƙinsa, sai azahar ta yi ba a kai fili ba. Dabarar Malam Ilu ita ce a kai gaisuwar tun kafin ranar. A bi dattawan ɗaya bayan ɗaya, a gaishe su a madadin masu gudu, a roƙe su su yafe durƙuso na safiya ɗaya. Ya ce ni ya zaɓa don ba ni da jam'iyya, kuma ba wanda zai kori ɗan Malam Abdu daga zaurensa. Na ce zan yi tunani. Ya ce in yi tunanin a hanya, ya hau kekensa.

Da na gaya wa Inna tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Gaisuwa tun ba a haɗu ba? Wannan a jami'a aka koya maku ita?"

"Inna, ba ni na ƙirƙira ba. Ina ma ganin in ba shi haƙuri."

"Ka ba wa haƙuri? Mutumin da ya goya ka ranar da ka karye a makaranta? Ka sayi goro fari, ka tahi bayan la'asar, kuma kada ka fara da abin da ya kai ka. Ka bari sai sun tambaya. In ka manta sunan mutum ka ce Baba, ba wanda ya taɓa fushi da Baba."

Haka na yi. Ranar farko gumi ya jiƙa mini riga tun kafin in yi sallama. Amma abin da na tarar ba shi na zata ba. Wani makahon malami ya riƙe hannuna ya ba ni labarin yadda shi da mahaifina suke tsere zuwa rafi suna yara, ya ce a gaya wa samarin su wuce, ya yafe har na jikokinsu. Wani tela ya ce sharaɗinsa ɗaya, wando ya rufe gwiwa, kuma duk wanda nasa bai kai ba ya kawo ya ƙara masa kyauta. Matan cikin gidaje da suka ji abin da ake ciki suka aiko cewa za su fitar da randuna ƙofar gida, a cika da ruwa, a sa moɗa. Wata Hajiya mai koko ta ce kokon masu tsaron hanya a wuyanta. Da idona na ga mutum biyu da suka yi wata uku ba sa magana saboda zaɓe sun kama randa ɗaya, ɗaya yana cewa ɗaya ya ɗaga sosai, ko nan ma sai an yi masa maguɗi. Ba zan ce sun shirya ranar ba, ban sani ba. Na dai ga randar ta isa inda za ta.

Sai na iso wurin Alhaji Mani. Tsohon falke ne na fatu, aminin mahaifina, kuma dakalinsa yana daidai kwanar da hanya ta tsuke kafin a hango hasumiyar Gobarau, inda dole mai gudu ya bi ta gaban ƙafafunsa. Ya karɓi goro, ya tambayi Inna, ya saurare ni har na gama kame-kamena. Sannan ya ce:

"Sada, in ka ci tuwo yau, ya ƙosar da kai na jibi?"

"A'a, Baba."

"To gaisuwar yau ta yau ce, na amsa. Ta ranar kuma mai wucewa shi ka yin ta. Ni ban hana kowa gudu ba. Nan nake zaune tun ba a haihe ka ba, nan za a iske ni."

Na ce ko zai duba, wataƙila, tunda abin na safiya ɗaya ne. Ya ce ya duba. Ya miƙo mini rabin goron da na kawo, alamar magana ta ƙare.

Na garzaya wurin Malam Ilu na ce a canza hanya, a zaga ta bayan masallaci. Ya girgiza kai. Ya ce an riga an yi shela, kuma kauce wa dattijo da gangan ya fi wuce shi muni, don wanda ya wuce ka ya manta ne, wanda ya kauce maka ya tuna. Ya ƙara da abin da ban sani ba: Habu, mai gyaran keke a Ƙofar Guga, wanda kowa yake sa ran shi zai ɗauki ragon, 'yar Alhaji Mani ta fari yake aure. Ya ce ni zan tsaya a wannan kwanar. Na ce in yi me? Ya ce bai sani ba, amma ya lura mutum yakan ga abin yi idan yana wurin. Wannan amsar ba ta kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Washegari na bi ta rumfar Habu, na same shi yana liƙe tayar wani keke, na tambaye shi abin da zai yi idan ya iso kwanar. Ya yi dariya.

"Malam Sada, gudu na safiya ɗaya ne. Surukuta kuwa har kabari."

Ranar Asabar bayan an idar da sallar asuba na sa farin kaftanina na zuwa ofis, don a ganina mai tsaron hanya ya kamata ya fito da kamala. Damina ta ƙare amma an yi yayyafi da dare ya gabata, ƙasa ta yi laushi. Na tarar Alhaji Mani ya riga ni, yana kan buzunsa, ga buta ga sanda, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba mu taɓa wata magana ba. Mutane suka cika bakin hanya, mata suna leƙe ta kan katanga. Daga nesa muka fara jin hayaniya tana matsowa.

Habu ne a gaba, kuma da rata mai yawa. Ban taɓa ganin gudu irin nasa ba, kafaɗunsa ba sa motsi, sai ka ce ƙasar ce take ja da baya. Ina kallonsa ina fata a raina ya wuce, ina kuma fata kada ya wuce, don ban san wanne ya fi zama masifa ba. Da ya rage kaɗan ya iso sai ya sassauta, ya koma gefen hanya, ya sunkuya yana kwance igiyar takalmin kambas ɗinsa. Garin sauri igiyar ta ƙulle. Ya cire ɗaya, ya cire ɗaya, ya durƙusa nesa kaɗan, kansa a ƙasa, numfashinsa yana fita da ƙara, ya ce, "Barka da asuba, Baba."

Alhaji Mani bai dube shi ba. Kun san suruki ba ya haɗa ido da mijin 'yarsa ta fari, ba ya kiran sunansa, ba ya yi masa magana kai tsaye in da wani a wurin. Na ga carbin ya tsaya a hannunsa. Ina jin, Allah ne masani, shi kansa bai zaci yaron zai tsaya ba. Kafin ya ce komai, wani dogon Bafillace daga Batagarawa ya iso ba takalmi, ya ɗaga hannu ya ce "sannunku" ya wuce kamar iska, wani ya biyo bayansa. Sai Alhaji ya juyo gare ni.

"Sada, hwaɗa ma wannan na amsa. Shi tashi."

Na faɗa. Habu ya tashi, ya bar takalman a nan, ya bi su ƙafa ba komai.

A nan ne abin ya so ya lalace. Samarin gari da suka biyo baya sun hango Habu a durƙushe, kuma duk sun san Alhaji. Na farko ya rage gudu ya fara rusunawa, na bayansa ya yi karo da shi, na uku ya zaga su yana waige, bai san ko ya tsaya ko ya wuce ba. Hanya ga ta a tsuke, ga wani tarin yana tahowa. Idan suka tsaya tsere ya watse, idan suka wuce ƙara ta tabbata. Ni mutum ne da ko takardar neman hutu sai na kwana ina juya ta, amma a ranar ban tuna na yi shawara da kaina ba. Na ga kaina a durƙushe a cikin laka a gaban dakalin, da farin kaftani, ina ɗaga wa samarin hannu su wuce, ina cewa:

"Baba, ga Lawal ɗan Malam Isa yana gaisuwa."

Alhaji ya dube ni, ya dubi gwiwoyina. Sannan ya ce, "Lahiya lau."

Na miƙe na nuna wa na gaba hanya, na sake durƙusawa. "Baba, ga ɗan gidan tela yana gaisuwa." Ya ce lahiya lau. Waɗanda na sani ba su da yawa, nan da nan suka ƙare. Wani siririn yaro ya taho, na buɗe baki ba suna. Na ce, "Baba, ga... ga wannan bawan Allah."

"Wane bawan Allah? Jikan Tanko mai gishiri ne, ba ka ga kunnuwan ba? Lahiya lau. Wancan na baya ɗan Hassi ne, uwarsa ta hi shi sauri."

Daga nan aikin ya rabu biyu. Ni ke durƙuso, shi ke faɗin suna, kuma ba suna kaɗai ba, har da uba da kaka da abin da kakan ya taɓa yi a kasuwa. Mutanen wurin suka fara dariya, suna taya shi. Idan baƙo ya wuce, daga ƙauye ko daga cikin ma'aikatan da aka turo garin, sai ya ce, "Wannan ba namu ba ne, amma gaishe ni don shi." Na durƙusa na tashi har na daina jin ƙafafuna. Can ƙarshe, bayan kowa ya wuce, sai ga wani masinjan ofishinmu mai ƙiba yana tafe yana haki, gudun ya koma tafiya. Da ya iso ya zube a gaban dakalin, ba don ladabi kaɗai ba. Alhaji ya miƙa masa butarsa ya ce ya sha, ya kuma ce masa ya tashi ya ƙarasa, don wanda ya fito daga Ƙofar Guga da wannan tumbin bai kamata ya tsaya a Gobarau ba. Ya tashi ya ƙarasa.

Bafillacen Batagarawa ne ya ɗauki ragon. Habu ya kamo na biyu a bakin fili amma bai kamo Bafillacen ba. An ce da aka tambayi Habu ko ya ji haushi, cewa ya yi a taya shi neman takalmansa.

Abin bai tafi mini a banza ba, ta kowace fuska. Shugaban ofishinmu yana cikin 'yan kallo, kuma ranar Litinin ya kira ni ya ce bai dace jami'in ilimi mai digiri ya riƙa birgima a laka a gaban jama'a ba. Ba zan ce shi ya sa aka tsallake ni a ƙarin girman shekarar ba, don ba ni da hujja, amma an tsallake ni. Kaftanin kuwa Inna ta wanke shi har sau nawa, ya ƙare a matsayin rigar zaman gida. Sai dai tun daga wannan safiyar ban sake canza hanya don gudun gaisuwa ba. A cikin sa'a ɗaya Alhaji Mani ya karanta mini unguwarmu gida gida, kuma abin da aka koya maka kana durƙushe ba ya fita. Na san ɗan wane ne wane, su ma suka san ni da kaina, ba da sunan mahaifina kaɗai ba. Da na tashi neman mahaifiyarku, kawunta da ake jin tsoro ya ce a ba ni, ya ga yadda nake gaisuwa. Na kuma ga yadda Malam Ilu yake aiki, yadda yake ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa kaɗan sannan ya hau kekensa ya bar shi da shi. Na yi ƙoƙarin yin haka da malaman da suka yi aiki a ƙarƙashina daga baya, ban dai kai shi ba.

Amma duk wannan daga baya ne. A ranar, da la'asar ta yi, labari ya iso mini cewa Alhaji Mani ya ɗauki sandarsa ya nufi gidan mai unguwa. Na bi shi ina ɗingishi, na tarar Malam Ilu ya riga ni, yana zaune a bakin zaure, hularsa a gwiwa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, ta gajiya da ta iyali da ta amfanin gona, ni kuwa kowace kalma kamar ana zare mini jijiya. Daga ƙarshe mai unguwa ya gyara zama.

"Alhaji, an wuce ka ba gaisuwa?"

"An gaishe ni har na gaji da amsawa."

"To mi ya kawo ka?"

"Ƙara na kawo."

Malam Ilu ya sunkuyar da kai. Ni na fara haɗa kalmomin ban haƙuri a raina.

"Yaron nan na Ƙofar Guga shina gaba, kowa ya gani. Ni na tsai da shi, mutanen Batagarawa suka tahi da ragonmu. Yarinyar nan da ke gidansa ta aiko mini da tuwo da rana, ko miya ba ta sa ba. Ni ba ni iya zama da wannan. Badi a sake."

Mai unguwa ya rufe baki da gefen rawaninsa. Da ya samu ya daidaita fuska ya ce, "In an sake ai nan za shi iske ka, Alhaji. Ko za ka tashi daga dakalin?"

"Ba ni tashi. In ya taho zan juya in dubi bango, wanda ba a gani ba ba a bin shi gaisuwa. Sauran kuwa Sada shi zo da gwiwoyinsa."

Duk suka juyo suna kallona. Na ce to, in Allah ya kai mu, idan aiki bai hana ba, zan duba in gani.

Malam Ilu ya sa hularsa ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ya amsa. Haka yake cewa i tun yana aji ɗaya."